A Fara da Gonar Ƙarshe

Da sunan Allah da ya saukar da cuta ya kuma saukar da maganinta. Na daɗe ina cewa zan rubuta abin da muka gani a jinyar mahaifina, kullum ina ɗagawa. Abin da ya zaunar da ni yau wata maƙwabciyata ce da na je dubiyar mijinta shekaranjiya. Na tarar da ita tsaye a tsakar gida da ludayi a hannu, ’yarta na tambayarta abin da za a dafa, ita kuwa tana kallon yarinyar kamar ba Hausa ake yi mata ba. Na san wannan tsayuwar, domin na yi ta. Saboda haka wannan rubutu na masu jinya ne, musamman mata irina da ake ce wa “ai ke ce babba,” a tattara komai a juye musu a ka.

Sunana Hajara, ɗinki nake yi a gidan mijina a Kura. Mahaifinmu Malam Idi yana wani ƙauye ta wajen Kadawa, inda aka haife mu. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa, bai sake aure ba, yana zaune da ƙanena Nura da matarsa Fati. Sunan mahaifiyarsa na ci, shi ya sa bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai ya ce “Uwata.”

Kafin in shiga maganar ciwo sai na faɗi aikin Baba, don in ba a san shi ba, ba za a gane sauran ba. Manomin rani ne kamar kowa a wajenmu, amma shekara da shekaru shi manoman layinmu suka ɗora wa rabon ruwa. Ruwan da ke zuwa daga madatsar Tiga, idan ya baro babban kanal ya shigo ƙaramin da ya ratsa gonakinmu, masu gona a bakin ƙofar ruwa su ne da daɗi. Su jefa saifon, wato bututun da ke zuƙo ruwa zuwa kwamin shuka, su sha su ƙoshi, na can ƙarshen layi kuwa sai dai su ga laka. Muna yara babu ranin da ba a fasa wa wani kai a kan haka ba. Da aka ba Baba, sai ya yanka wa kowane yanki ranarsa, ya kuma ce da gonakin ƙarshe za a riƙa farawa. Na bakin ƙofa suka yi ƙorafi har suka gaji, ya toshe kunnensa. Maganarsa ɗaya ce, ruwan da aka san ranarsa ba a faɗa a kansa. Mu a gida dariya muke yi masa, don mutum ne da ko hularsa ta Juma’a ba ya sakawa ran Asabar.

Ana tsakiyar dashen tumatir Nura ya kira ni da hantsi. Baba ya sunkuya zai ɗauki saifon, hannun dama ya saki, baki ya karkace, ya zube a bakin kwami. Ashe ya kwana biyu yana cewa ƙeyarsa na sara masa, ana sayo masa maganin ciwon kai a kemis. A nan zan fara gargaɗi: duk wanda dattijonsa ya ce ƙeya na sara masa, ko yana ganin jiri, a kai shi a gwada jininsa. Mu ba mu yi ba.

Asibitin da muka fara zuwa suka tura mu Kano. Makon farko a layi muka yi shi. Layin kati, layin hoton kai, layin karɓar sakamako, layin magani, sannan a ce wannan babu shi a nan, sai a waje. Akwai ma’aikacin da zai amsa maka tambaya yana kallon wayarsa, har ka ji kamar ka shaƙe shi. Akwai kuma wata nas, Allah ya saka mata da alheri, da ta tsaya ta koya wa Nura yadda ake juya mara lafiya don kada bayansa ya yi gyambo, alhali lokacin tashinta ya wuce. Likita ta ce hawan jini ne ya daɗe yana cin Baba a ɓoye, har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki. Buhunan shinkafar da aka ajiye don cin gida suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, tunkiyar Fati ma ta bi su.

Ranar da za a sallame mu, a mako na biyu, likitar ta yi mini maganar da har yau take kunnena. Ta ce, “Hajiya, wannan ciwon ba ya son yau a yi, gobe a bari. Magani kullum, motsa jiki kullum, gishiri kaɗan, kuma duk mako a kawo shi gashi, a motsa masa gaɓɓai. In kun riƙe haka, ƙafar nan za ta iya dawowa. In kuna yi kuna bari, kujera ce makomarsa.”

Na dubi Baba a kan keken marasa lafiya, mutumin da yake taka layin kanal daga farko har ƙarshe kafin rana ta yi zafi. Na yi wa kaina alkawari ba zai ƙare a kujera ba. Maigidana ya yarda in tare a ƙauye, na bar yara wajen kakarsu, na rufe keken ɗinki da zane.

To, a gida ne na san jinya. Ba ɗaga Baba ne ya gajiyar da ni ba, ba wanki ba, ba zubar da fo ba. Tambaya ce. Tun kafin in shafa addu’ar asuba ake farawa. Kunu za a dama ko shayi? A fito da shi rumfa ko a bar shi a ɗaki? Farin magani ne na safe ko mai ruwan ɗorawa? Wa zai nemo abin hawa ran gashi? Nura ya tafi gona ko ya tsaya? Ga tumatir ba ya jiran kowa, in ya rasa ruwa an yi biyu babu. Kowa da kyakkyawar niyya yake tambaya, don gudun kada ya yi ba daidai ba, amma duk a kaina take saukewa.

Sai ga Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, ta iso daga Bunkure da ƙunshinta. Gwaggo mace ce mai son ɗan’uwanta kamar ta haɗiye shi, amma bakinta ba ya hutu. A wajenta ba hawan jini ba ne, iska ce ta buge shi a bakin ruwa. Yau ta zo da jiƙo, gobe da turare, jibi da labarin wani mai ƙaho da ya tayar da wanda ya shekara a kwance. Ga kuma ’yan dubiya, Allah ya ba su lada, sai dai ba su da lokaci. Da safe, da tsakar rana, kana shirin kai loma baki za ka ji sallama. Kowa sai ka shimfiɗa masa tabarma, ka kawo ruwa, ka maimaita masa labari tun daga bakin kwami, sannan ya bar maka nasa maganin ya ce lallai a gwada. Ni ce zan ce a ba shi ko kada a ba shi, kuma ko wanne na zaɓa akwai mai fushi.

Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Cikin wannan hayaniya, abin da likita ta ce kada a bari shi muka riƙa bari. Yau baƙi sun hana motsa jiki, gobe na gaji, jibi Nura ya makara. A mako na biyar mai gashi ya lanƙwasa ƙafar Baba, ya girgiza kai, ya ce ta fara sandarewa. Na ji kamar ya zuba mini ruwan sanyi.

Washegari ina tsaye a bakin murhu da ludayi a hannu, Fati ta ce, “Yaya, kuka za a kaɗa ko kuɓewa?”

Wallahi na buɗe baki na rasa amsa. Kuka ko kuɓewa. Ni da nake yanka shadda mai tsada ba tare da shakka ba, na kasa zaɓar miya. Sai kawai na fashe da kuka kamar an aiko mini da mutuwa, gidan ya riƙa juyawa, na zauna daɓas a ƙasa. Fati ta rikice tana ba ni haƙuri, ba ta san laifin da ta yi ba, kuma ba ta yi laifin komai ba.

Da muka koma gashi Fati ta tona mini asiri wajen nas. Aka ɗaura mini abin gwaji, nas ɗin ta duba, ta sake dubawa, ta ce, “Baiwar Allah, so kike a kawo ki ki kwanta kusa da shi?” Likita ta rubuta mini nawa maganin, ta ce in riƙa hutawa. Na yi dariya a raina, na ce hutu a gidan wa. Maganin ma a jaka na bar shi, sai na tuna nake sha.

Ashe duk abin nan Baba yana kallo daga rumfa. Bakinsa ya fara sakewa a lokacin, amma maganar da nauyi take fita, kalma ɗaya sai ya huta. Ran Juma’a da Nura ya dawo daga masallaci, sai muka ji ana buga ƙasa da sanda. Da hannun hagu yake bugawa, irin bugun da yake yi a bakin kanal idan zai tara manoma.

“Uwata, zauna,” ya ce. “Nura. Fati. Asabe. Ku matso.”

Muka zauna. Ya daɗe yana tattara maganar.

“Gidan nan babu rabo. Kowa ya jefa saifon ɗinsa a kan mutum ɗaya. Za ta ƙafe.”

Gwaggo ta ce, “Haba Yaya, kai da ake lallaɓawa, me kuma ya kawo maganar gona?”

Bai kula ta ba. Ya dubi Fati. “Abinci kala nawa kika iya?”

Fati ta rufe fuska tana dariya, ta fara lissafawa. Shi kuma yana ba kowanne rana: yau tuwon dawa da miyar kuka, gobe fate, jibi dambu da zogale, haka har mako ya zagayo. “Ranar abu, a dafa shi,” ya ce. “Ba tambaya.”

Nura aka ba magani da motsa jiki. Duk Juma’a ya zauna ya rarraba ƙwayoyin mako a ƙananan robobi, na safe daban na yamma daban, a jera a faranti. Na safe bayan sallar asuba, na yamma bayan magariba. Motsa ƙafa kafin ya tafi gona da kuma bayan ya dawo, ko sarki ne ya zo dubiya sai ya jira. Nura ya ce bari ya saita ƙararrawa a waya don kada a manta. Baba ya ce ya saita, amma shi ladanin masallaci cajinsa ba ya ƙarewa. Ranar ce muka fara jin dariyarsa tun da ya faɗi, a karkace take amma dariya ce. Mai adaidaita kuma aka yi magana da shi sau ɗaya: duk Talata ya zo da sassafe, kada ya jira kira.

’Yan dubiya aka ce sai bayan la’asar. Ni dai ina jiran in ga yadda zai yi da Gwaggo, don na san a nan gizo ke saƙar. Sai ya ba ta sarauta. Ya ce duk wanda ya zo da magani ko shawara, wajen Asabe zai kai, ita za ta tara, ran Talata ta tafi da su wajen likita a tantance. Gwaggo ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce dama abin da ya kamata a yi ke nan tun farko. Daga ranar Fati ta sa mata Magajiyar Magani. Kuma ta riƙe aikin da gaske, da kwandonta take shiga wajen likita. Aka ce zogale da addu’a da man shafawa a ci gaba, jiƙon da ke da kanwa kuwa a zubar. Ta dawo tana cewa, “Likitan nan yarinya ce, amma tana da kai.”

Na ɗauka an gama, na yunƙura zan tashi. Baba ya nuna ni da sanda.

“Saura gonar ƙarshe. Da ita ake farawa.”

Ya ce daga sallar azahar zuwa kiran la’asar in shiga ɗaki in saki labule, waya a hannun Fati, babu mai kirana ko gobara ake yi. Duk Alhamis in tafi Kura wajen mijina da yarana da kekena, in dawo Juma’a da safe. Maganina kuma a fito da shi daga jaka a sa a farantinsa.

Na ce, “Baba, me mutane za su ce? Uba na kwance, ’ya na sharar barci da rana?”

Ya ce, “Na bakin ƙofa kullum suna magana.”

Ban so ba, gaskiya. Kwanakin farko kwanciya kawai nake yi ido biyu, ina jin kamar na yi sata, ina kasa kunne ko za a kira ni. Ba a kira ba. Da safe kuwa Baba sai ya riƙe ƙwayarsa a tafin hannu, ya kafe ni da ido, ba zai kai baki ba sai ya ga na haɗiye tawa. In na ce sai an jima, shi ma ya ce sai an jima. Na rasa yadda zan yi da wannan tsoho, dole na riƙa sha.

Abin mamaki, aikin bai ragu ba ko kaɗan. Wanki na nan, ɗagawa na nan, layin asibiti na nan, kuɗin gashi da na mota ba su fasa cinmu ba, har sai da na saki ɗan kunnena na gwal. Amma kaina ya sauke. Na tashi da safe na san abin da ranar ta ƙunsa, ba wanda zai tare ni da “ya za a yi?” Ɗan ƙarfin da ya rage mini sai na same shi a lokacin da ake buƙatarsa, kamar ranar da Baba ya tashi da zazzaɓi, na yanke a take cewa asibiti za mu, ban tsaya dawurwura ba. Ciwon ƙeyar da ni ma na fara ji ya tafi. Na koma yi wa Fati tsiya, ita ma tana ramawa. Motsa jiki kuwa bai sake faɗuwa ba ko sau ɗaya.

Wajen wata na uku ƙafar ta saki. Baba yana miƙewa, yana takawa, amma sai Nura ya riƙe shi ta hammata. Ya taɓa zamewa sau ɗaya a bakin rumfa, tun daga nan tsoro ya shige shi, in Nura ya sassauta hannu sai ya ƙanƙame shi. Mai gashi ya ce ƙarfi ya samu, tsoron ne ya rage, kuma shi ba shi da na’urar da ke cire tsoro. Makonni suka yi ta wucewa a haka. Na fara tunanin ko iyakar abin da za mu samu ke nan, ina kallon kujerar nan ta rumfa ina jin haushinta.

Wata Litinin dangin mahaifiyarmu suka zo daga Madobi, mata cike da mota, Inna Talatu ƙanwar mahaifiyarmu a gaba. Ba su san dokar gidan ba, suka iso bayan azahar kaɗan. Nura na gona, Fati ta kai niƙa, Gwaggo ta leƙa gidan suna a maƙwabta. Ni kuwa ina ɗaki, barci ya yi nisa da ni, don a lokacin na riga na koyi yin sa ba kunya. Abin da ya faru daga bakin Inna Talatu na ji shi.

Suka gaida Baba, suka tambayi jiki, sannan Inna ta ce, “Ina Hajara?”

Ya ce, “Tana hutawa.”

“Hutawa? Da ranar Allah, uba na zaune shi kaɗai? Bari mu yi azahar, a hanya ta same mu, in na idar ni zan taso ta.”

Ya ce a bar ni, amma muryarsa ba ta da ƙarfi, su kuma suna ta hayaniyar buta da shimfiɗa. Suka ta da salla. Inna ta ce tana raka’a ta biyu ta ga abu na motsi ta gefen idonta, saura ƙiris ta yanke sallar.

Kiran la’asar ne ya tashe ni. Na ɗaga labule zan fita, sai gwiwata ta daki sanda. An gicciya ta a bakin ƙofar. Baba na zaune a kan turmin da Fati ta kifa a jikin bango, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, yana riƙe da kan sandar da hannun hagu. Can ƙarƙashin rumfa ga mata zaune tsit a kan tabarma, Inna Talatu na share hawaye da gefen mayafi. Kujerarsa babu kowa a kai. A tsakiyar gida, tsakanin rumfar da ɗakina, ga takalminsa na ƙafar dama shi kaɗai, inda ya saɓule.

Na ce, “Baba, wa ya kawo ka nan?”

“Ƙafata.”

“Kai kaɗai? Da ka faɗi fa? Me ya hana ka ƙwala mini kira?”

Ya kalle ni kamar na yi tambayar wauta. “Ba a yi la’asar ba, Uwata.”

Na durƙusa na kama ƙafar nan da muka sha wahala a kanta, na yi kukan da ban ji kunyarsa ba. Ban taɓa jin girman mutum a raina kamar yadda na ji nasa a ranar ba. Makonni muna roƙonsa ya taka don kansa ya ƙi, sai ga shi ya ratsa tsakar gida don kada a katse mini barci.

Yanzu alhamdu lillahi Baba na zuwa masallaci da sandarsa, yana ɗan jan ƙafar, hannun dama bai dawo duka ba. Da yamma yakan taka har bakin kanal ya tsaya yana yi wa masu rabon ruwa na yanzu gyara, ko sun tambaye shi ko ba su tambaye shi ba. Na koma Kura, na yaye zanen da ke kan kekena. Ina gode wa Nura da Fati, da likitarmu, da mai gashi, da Magajiyar Magani da har yau take cewa ita ta warkar da shi. Duk wanda Allah ya jarrabe shi da jinya, ya zauna tun farko ya yanka wa komai lokacinsa, abinci da magani da baƙi da masu shawara, kada ya bari a riƙa yanke su sabo kowace safiya. Kuma a cikin rabon kada a manta da mai jinyar, don ita kowa ke ɗiba, ita ce kuma ba ta tambaya.

Maƙwabciyar tawa da na ambata a farko, ban yi mata dogon bayani ba a ranar, don na san ba zai shiga ba. Na zare ludayin daga hannunta, na ce wa ’yarta kuka za a kaɗa. Uwar kuwa na tura ta ɗaki na ce kada in ga ƙeyarta sai an kira la’asar. Sannan na jawo turminsu na kifa a bakin ƙofar, na zauna.